A Can Hannun Hagu Suke Bi

Litinin

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Yaya ƙafar mamanki, kumburin ya sauka? Ni dai alhamdu lillahi.

Dogo direba ya iso jiya, ya ce kin rantse ke za ki tuƙo motarki ki zo ki ɗauke ni. Na san halinki, ko na hana sai kin zo. Shi ya sa na zauna in rubuto miki abin da na sani game da hanyar nan da na shekara talatin da ɗaya ina bi. Wayata ta fashe, ta hannun Dogo za ki riƙa jina.

Ki fito da sassafe, don ƙarfe shida na yamma suke rufe boda. Ki haɗa fasfo da lasin da inshorar ƙetare da katin rigakafin shawara, da takardun mota na asali, ban da kwafi. Su zauna a jakar da ke jikinki. Ki cika tanki a gidan man da ke kafin gada, don bayansa sai kin yi awa biyu ba ki ga wani ba. Ki duba iskar tayar safaya, kuma a boda za su tambayi abin kashe gobara.

A boda taga uku ce: shige da fice, lafiya, sai kwastan. Samari za su yanyame ki da kati a wuya, wai su taimaka. Ki gode musu, ki riƙe takardunki. Kwastan za su ba ki wata takarda ruwan ɗorawa ta shigar da mota. Ki adana ta kamar idonki, in babu ita motar ba ta fita.

Ga babban abin: da kin wuce sandar boda, hannun hagu suke bi. A miƙaƙƙen titi ba wuya, na gabanki kike bi. Amma a shataletale hannu komawa yake ga abin da ya saba. Ki rage gudu, ki duba dama, ki sake dubawa.

Motata tana hannun hukuma kan wata 'yar matsala. Kada ki ce wa mamanki komai tukuna.

Mahaifinki

Alhamis

Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka. Takardarki ta same ni. Kin ce wace irin 'yar matsala ce ke fasa waya, ta riƙe mota, ta sa rubutuna ya zama manya-manya kamar na ɗan aji ɗaya. Kin kama ni.

Ran Juma'ar da ta wuce na sauke fasinja, na juyo ni kaɗai. A shataletalen bakin kasuwa, wanda na zagaya ya fi sau dubu, na duba dama ban ga kowa ba, na shiga. Ashe akwai mai babur ɗauke da kwandunan burodi. Ƙarar kawai na ji. Da na fito, burodi ya watse a kwalta, shi kuma ƙafarsa tana ƙarƙashin babur ɗin. Bai yi ihu ba. Ƙoƙari yake ya miƙa hannu ya tattara burodin.

Mutanen nan ba su taɓa ni ba, su suka taya ni ɗaukarsa zuwa asibiti. 'Yan sanda sun karɓi fasfona da lasina, sun ce kada in bar garin sai an shiga kotu ran Laraba. Ina wani ƙaramin masauki bayan tasha, ɗaki mai lamba huɗu, gado da kujera ɗaya da fanka mai kuka. Tagar tana kallon titi, na rufe ta da labule.

Na tuna ranar da kika roƙe ni in koya miki mota, na ce hanya ba ta yara ba ce, sai a wajen wasu kika koya. Yau ga ni ina ƙirga kwanakin zuwanki. Ki yafe wa tsohonki.

Bayan boda akwai gangara mai kwana tara. Ki sauko da giya ta biyu, kada ki dogara da burki, zafi yake ɗauka. In hazo ya sauko, ki tsaya a gefe ki kunna fitilu, ba a gardama da shi. Ki taho min da maganin hawan jinina da farar rigata ɗaya.

Allah ya kawo min ke lafiya.

Mahaifinki

Laraba

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki gaisuwa ta musamman, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Na san Auta ta gaya miki abin da ya faru kafin ta taso, kuma na san kin yi fushi da ba daga bakina kika ji ba. Kina da gaskiya.

Ta iso ran Lahadi da la'asar, motar ko ƙwarzane babu. Ta shigo ɗakin ta dube ni, ba ta yi kuka ba, sai ta buɗe labule ta ce in tashi in yi wanka. Washegari ta kai ni wajen likitan ido. Ya ce yanar ido ta rufe min na dama kusan gaba ɗaya, amma aiki zai gyara.

Yau aka yi zaman kotu. Alƙali ya duba takardar likitan ido, ya soke lasina, ya ce inshora za ta ɗauki nauyin jinyar, aka maido min da fasfo. Na zaci zan ji sanyi a raina. Ban ji ba.

Daga kotu muka wuce asibiti. Mai burodin yana kwance, an sa wa ƙafar ƙarfe. Likita ya ce zai taka, amma shi da babur sai bayan shekara, in ma zai sake hawa. Da ya gan ni har murmushi ya yi, ya ce tsautsayi ne, Baba. Matarsa tana gefen gado da goyo a baya. Ba ta amsa gaisuwata ba. Da muka fito ta biyo mu baranda, ta ce ta ji maganar idona, abu ɗaya take so ta sani: ranar da na hau titi, na san idona ba ya gani?

Auta ta riƙe min hannu, na gane so take in yi shiru. Na ce wa matar na sani. Ta gyara goyonta ta koma ciki.

Wata takwas ke nan da na sani. Duk safiyar da kika raka ni bakin ƙofa kina min addu'a, na sani. Duk mutum goma sha huɗun da nake ɗauka suna barci a bayana, na sani. Tsoro nake a ce na tsufa, a karɓe makullin motar.

Jibi za mu taso in Allah ya yarda. Na rubuto ne don in na shigo gida, ba zan iya faɗa miki wannan ina kallon fuskarki ba.

Ki gaida yara.

Naki,
Baban Auta