Maganin Inna, Sunan Yaya Salisu

Litinin, 16 ga Yuni, 2025

Maganin Inna ya kusa ƙarewa. Na ɗaga kwalbar a bakin taga, abin da ya rage ba zai kai mu ƙarshen mako ba. Mofin ne na ruwa, shi kaɗai ke kwantar mata da ciwon tun da likitocin Abuja suka ce ciwon dajin ya tashi daga mama ya shiga ƙashi. In ta sha takan samu barci, har ta farka ta yi mini faɗan na cika gishiri a miya. Faɗan nan nake so, don ranar da ta yi shi na san uwata ce a ɗakin.

Na kira Yaya Salisu in tuna masa. Yana hanyar Legas, motar hatsinsu ta lalace a wani ƙauye. Ya ce jibi yana tafe.

Talata, 17 ga Yuni

Ana tashi daga makaranta na wuce asibitin Inna a Abuja da kaina, ko alli ban wanke a hannu ba. A banza.

Nas Ibukun, wadda ke kula da ɗakin ba da maganin, ta san ni sarai, ta san ni ke kwana da Inna. Amma ta ce mofin ba kamar sauran magunguna ba ne, ƙulle yake, a ƙa'idarsu ba a miƙa shi sai ga mai jinyar da aka yi wa rajista, ya zo da katinsa. "Anti Tayyiba, no vex. Ba ni ba ne, doka ne. In na ba ki, aikina ya tafi."

To wa aka yi wa rajistar? Yaya. Ranar da aka tambaya wa ke jinyarta, ni ce a tsugune ina gyara mata zane, shi yana tsaye da babbar riga yana kaɗa makullin mota. Inna ta dube ni, irin kallon nan da ba ya buƙatar magana. Ina ni ina shiga gaban babba a bainar jama'a? Da bakina na ce, "Ga babbanmu nan." Ya sa hannu, aka ɗauki hotonsa. Har daɗi na ji a lokacin, wai na nuna tarbiyya.

Sauya suna hanya biyu ce, in ji Ibukun. Ko shi ya zo ya sa hannu ya miƙa mini, ko a kawo Inna gaban likita ta faɗa da bakinta. Innar da ko juya ta zan yi a gado sai ta ciji gefen zani.

Alhamis, 19 ga Yuni

Jibin Yaya ya wuce, Yaya bai zo ba.

Muhsin, autanmu da ke karatu a Amurka, ya kira ta bidiyo. Da ya ga fuskar Inna sai ya juya wayar yana nuna mana silin ɗakinsa, wai sabis ne ke wasa. Na san kuka yake.

Bayan na fito tsakar gida ya kawo wata magana. Wai a jihar da yake, masu ciwo irin na Inna ana ba su izinin amfani da wiwi a matsayin magani. Likita ya tabbatar da ciwon, hukuma ta ba majinyaci kati. In ba ya iya fita, sai ya zaɓi mai kula da shi, shi ma a bincike shi a ba shi nasa katin, ya je shagon da ke da lasisi ya sayo iya abin da aka ƙayyade. Wai har na mai akwai, a ɗiga a baki, ba sai an busa hayaƙi ba.

Na ce masa, "Auta, ka daɗe ba ka zo gida ba. Nan Suleja ce. Katin da ake ba mai wiwi a nan ankwa ce." Ya yi dariyar dole, ni ma na yi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, can ma sai da sunan mai jinya. Da a can muke, ina jin can ma Yaya za mu rubuta.

Asabar, 21 ga Yuni

Ya ƙare. Na zuba ruwa a kwalbar na girgiza na ba ta. Ta sha, ta ce Allah ya yi albarka. Dukanmu mun san ruwa ne.

Litinin, 23 ga Yuni

Ƙwayoyin da na sayo a kemis ba sa yin komai sai tayar mata da zuciya. Ba ta kuka. Tana dai nishi a hankali, tana jan salati, in ciwon ya murɗa sai salatin ya katse a tsakiya. Masu dubiya suna shigowa, "Ya jiki, Inna Mairama?" Ta ce, "Da sauƙi." Su fita suna yaba dauriyarta. Ni ke ganin hannunta a ƙarƙashin bargo yana yakushin katifa.

Na sake kiran Yaya. Na lallaɓa, na yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman aro, sannan na ce in ya dawo mu je tare a mayar da sunan kaina, tunda shi kullum yana kan hanya. Ashe na taɓo inda ba a taɓawa.

"Wato in je gaban mutane in sa hannu cewa na kasa da uwata? Ke Tayyiba, yaushe kika yi girman nan?"

Na ce Yaya ba haka nake nufi ba. Ya ce ba zai bar kayan mutane a daji ba, da an samu injin zai taho, in ƙara haƙuri. Na ce to. Me zan ce? Ba mugu ba ne, yana son ta, na sani. Amma wallahi yau na tsane shi, Allah ya yafe mini.

Talata, 24 ga Yuni

Na roƙi Inna ta yarda in kai ta Abuja ta faɗa musu da bakinta. Ta ce, "Ki bar wa yayanki girmansa. Yana tafe."

Alhamis, 26 ga Yuni

Ngozi, 'yar hayarmu ta ɗakin ƙofa wadda ke sayar da abinci a Gauraka, ta tare ni a bakin rijiya. Bango ɗaya ne tsakaninta da Inna, duk abin da ake ciki tana ji. Ta rage murya ta ce, "Anti Ticha, abeg, kar ki yi fushi. Babana ma haka ya yi a ƙauye. Akwai wani mai da muka ba shi, ya yi barci. Wani kwastomana yana kawowa."

Ban tambayi man mene ne ba, na gane na wiwi ne. Na ce mata na gode, amma mu gidan nan ba ma irin wannan. Na faɗa da muryar aji, wadda nake yi wa yara gargaɗi da ita. Ta ce, "Sorry ma," ta ɗauki bokitinta. Ita da ta zo da alheri, ni na sallame ta kamar ta zo sata.

Juma'a, 27 ga Yuni

Na tambayi malaminmu na Islamiyya hukuncin man nan, na ce wata ƙawata ce ta aiko ni. Ya ce lalura tana da hukuncinta, amma sai amintaccen likita ya ce babu wani magani sai shi, kuma ga dokar ƙasa. Ya ƙara da cewa, "Ai akwai halastaccen magani a asibiti, ƙawar taki ta nema mana."

Akwai, Malam. Yana cikin kabad a Abuja, na gan shi da idona.

Lahadi, 29 ga Yuni

Da hantsi Inna ta kira ni. Ba ta faɗi sunana ba, ba ta taɓa faɗa ba, "ke" take cewa. Ta ce, "Ke, kai ni wurin likitan nan." Ban yi murna ba. Matar da ta ce a bar wa Yaya girmansa, in har ta sauka daga kan maganarta, to abin ya kai inda ya kai.

Talata, 1 ga Yuli

Ban san yadda zan rubuta yau ba.

Na ɗauki hutu a makaranta. Maƙwabcinmu Malam Nuraddeen ya ba da motarsa, ya ce shi zai tuƙa. Muka shimfiɗa katifa a baya, mu huɗu muka ɗauko ta a cikin bargo. Tun daga ɗaki zuwa zaure gumi ya jiƙe ta sharkaf, amma ba ta ce uffan ba. Ruwan jiya ya cinye layinmu na Hashimi, duk ya zama kwazazzabai. Malam Nuraddeen yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, amma rami rami ne. Ko babban titi ba mu hau ba tayar baya ta faɗa wani.

Inna ta yi ihu.

Ban taɓa jin muryarta haka ba. Matan unguwa har yau suna ba da labarin yadda ta haife mu ba a ji ko tarinta ba. Yau ta yi ihu a tsakiyar layi, masu shago suka fito, ta riƙe wuyan hijabina tana cewa, "Mayar da ni, don Allah mayar da ni, na tuba." Me ta yi da za ta tuba?

Muka juyo. Malam Nuraddeen yana tuƙi yana share ido da hularsa. Har yamma ba ta yarda mun haɗa ido ba, kunya take ji wai ta yi raki a gaban maza.

Laraba, 2 ga Yuli

Na kira Ibukun na gaya mata. Ta ce za ta yi wa likita magana ko akwai yadda za a yi, amma ma'aikatansu masu zuwa gida ba sa fita wajen Abuja, kuma babban likitan da zai iya ɗaga ƙafa ya yi tafiya. Sai na ji bakina yana tambayarta zancen man nan. Ta ce, "Anti, ban ji ba, ba ki faɗa ba. Kuma na kan titi ba wanda ya san me aka zuba a ciki." Gaskiya ta faɗa. Kowa gaskiya yake faɗa mini.

Juma'a, 4 ga Yuli

Na gaya wa Inna zancen man. Ban ɓoye komai ba, na faɗi sunansa, na ce a wasu ƙasashe likitoci ne ke ba da izininsa, Auta ma ya gani. Ta daɗe tana kallon rufi. Ta ce, "Da bakin da nake salati? Saura ƙiris in je gaban Ubangijina, sai in je da wannan a cikina? Kar ki ƙara."

Na ce to, Inna.

Yaya ya turo saƙon murya. An samu injin, bai yi daidai ba, an mayar. Ya ce in gaida Inna, in ce mata yana tafe.

Asabar, 5 ga Yuli

Ta daina cewa da sauƙi. Masu dubiya sun tambaya, ta rufe ido kawai.

Litinin, 7 ga Yuli

Ban koyar da komai ba yau. Na ba yara aikin kwafa na zauna ina kallon allo. In aka kama mutum da shi, aiki ya tafi, suna ya tafi, sai a ce malamar da ke koya wa 'ya'yanmu. Wa zai juya Inna in ina tsare? Na jera wa kaina dalilan nan tsaf, dukansu masu kyau ne. Da na dawo gida tun daga zaure na jiyo nishinta.

Na kai wa Ngozi tuwo da miyar kuka. Mun ɗan yi hira.

Laraba, 9 ga Yuli

Na je Gauraka sayen tumatir, an ce ya fi araha a can. Na biya ta rumfar Ngozi na sha ruwa. A hanyar dawowa akwai shingen jami'ai, suka leƙa cikin Keke Napep ɗin, suka ga hijabi da kwandon cefane, ɗayansu ya ce, "Hajiya a sauka lafiya." Har gida ban ɗauke hannu daga kan kwandon ba, man da Ngozi ta ba ni na ƙarƙashin tumatir.

Na wanke tsohuwar kwalbar asibiti, takardar jikinta ba ta ɓare ba, na juye man a ciki. Da la'asar na shiga da ita a hannu. Inna ta buɗe ido ta gan ta, fuskarta ta saki.

"Yayanki ya zo?"

Na ce ya zo a gurguje, tana barci, ya ajiye ya koma wurin mota. Ta buɗe baki kamar jaririya. Ta ɗan yamutsa fuska ta ce ɗanɗanon ya sauya. Na ce sabon kamfani ne.

Ciwon bai tafi ba, ina ganinsa a goshinta. Amma hannunta ya saki katifa, ta sha kunu cokali uku, kuma yanzu haka da nake rubutun nan tana barci, hasken yamma na kan ƙafafunta. Ban san me ke cikin kwalbar nan ba. Ban san ko gobe zai yi aiki ba. Ngozi ta ce mutumin yana zuwa duk Laraba. Na dai ji.

Kafin barci ya ɗauke ta ta ɗaga hannu da ƙyar ta ce, "Na gaya miki yana tafe. Allah ya yi wa Salisu albarka, ya ba shi masu jin ƙansa yadda ya ji ƙaina."

Ta tsaya tana jirana.

Na ce amin.