Zane Mai Ƙarangiya

Tarka, ƙarshen bazara

Baban Bashir,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da shanun. Ya zafin kudu? Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Saƙonka ya iso, cewa in wannan daminar ma makiyayarmu ba ta yi ciyawa ba, za ka sayar da shanun mu koma Damagaram. Ban ga laifinka ba. Mugun tsiron nan garmani ya cinye filin nan kaf, ga shi ko akuya ba ta kallonsa. Amma da na faɗa wa Inna, mahaifiyarka, sai ta tambaye ni inda hauya take. Gari na wayewa ta ɗauki hauya ta nufi makiyaya ita kaɗai, tsohuwar da sai da sanda take zuwa rijiya!

Kunya ta kama mu. Magdalena maƙwabciyarmu ta kwaso matan cocinsu, liman ya yi shelar gayya bayan Juma'a. Yanzu kullum muna tuge garmani muna ƙonewa.

Irin da za mu watsa ne ya gagara. Sai Inna ta kai mu gidajen tururuwa, tana tonawa kamar yadda uwarta ta yi lokacin yunwa. Wallahi ga irin ciyawa nan a tare, har da ƙarangiyar nan da kake tsine wa in ta kama maka wando. Rabi take ɗiba, rabi ta bar wa masu gida, wai su ma da iyali.

Taka,
Zuhaira

Tarka, tsakiyar damina

Baban Bashir,

Ina gaishe ka, ya ruwa a wajenku? Allah ya sa tarin nan ya sake ka.

Ba zan ɓoye maka ba, garmani ya sake tsirowa, ya fi na da yawa. Na yi kuka. Mutane suka janye, har da ƙanenka Musa, wai muna wahalar banza. Inna ba ta yi faɗa da kowa ba. Bayanta ya hana ta sunkuyo, sai take zama a ƙasa tana jan jiki tana cirewa da hannu. Ta ce in aka cire shi kafin ya yi fure, ba shi da magaji. Musa ya wuto da amalanke ya gan ta a haka. Bai je inda za shi ba, kuma washegari da samari ya dawo.

Ban taɓa ganin mace irin mahaifiyarka ba. Ina roƙonka, kada ka yi magana da dillali tukuna.

Taka,
Zuhaira

Tarka, farkon kaka

Baban Bashir,

Barka da kaka, da fatan ka samu sauƙi. Yara na gaishe ka.

Ka ce da mai motar da ke kai mana saƙo ba ka yarda ciyawa ta fito ba, wai ina yi maka daɗin baki ne don kada mu tashi. Shi ke nan, na daina bayani. Jiya na ratsa makiyaya daga bakin rijiya har gindin aduwa, ga zanen da na ɗaura nan a ƙunshe. Ka buɗe a hankali, yana cizo. Da ni nake zama ina tsince maka ƙarangiya ina mita. Wannan karon ko ɗaya ban cire ba.

Ba duk filin ne ya dawo ba, gefen yamma sai baɗi. Amma abin da ya fito zai riƙe shanunmu har rani.

Inna na kwance da bayan nan, sai dai bakinta ras. Ta ce ka biyo da shanun ta burtalin gabas, don ta ji kukansu daga ɗaki. Ta ce kuma ka sa tsohon wando.

Taka har kullum,
Zuhaira