Jakin Inna a Tsakiyar Kogi

Croydon, Landan
12 ga Fabrairu, 1975

Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya ƙara wa Inna sauƙin gwiwa. Mu ma lafiya lau, sai sanyi. Zinatu ta iya hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa, yanzu ita ke nuna mini hanya, ni mijinta.

Ka san ma'aikata ta turo ni duba shirin gandun shanun da za a kafa a tudun garinmu, tunda kuɗin fetur ya sa manya suna son shanu a cikin shingen waya. Kamfanin da aka ba aikin sun shimfiɗa mini tsofaffin taswirori biyu na ƙasar makiyayan Amurka, tudu fetal mai ƙarancin ruwa kamar namu, suka ce haka za mu koma. A ta farko rijiyoyi ne birjik, kowace da sunan mai ita. A ta baya suna ɗaya ya rage, sai shinge. Na tambayi inda sauran suka tafi, aka kawo mini shayi.

Sannan suka fito da tamu, wadda wani Bature ya zana zamanin Kaka. Ashe da damina ya zo. Ya ja shuɗin layi a bayan gari, ya rubuta kogi. Yaya, rafin nan ne fa da jakuna ke birgima a yashinsa! Da shi suka ce dubban shanu za su sha. In rani ya yi, ba inda za su nufa sai rijiyarmu, ita kuma ta faɗa cikin shingen.

Na ce ba zan sa hannu ba. Shugabana ya aiko cewa in na ƙi, kujera na jirana a ɗakin ajiye fayil. Ba komai, dama ina son karatu. Sai dai mutanen nan ba sa yarda da baki. Don haka ka ɗauko mai hoto ranar kasuwa, ka kai jakin Inna tsakiyar kogin a ɗauka, ka aiko mini kafin wata ya ƙare. Kada ka wahalar da kanka da babbar riga, ba kai za a duba ba.

Ka gaida Inna, da Yaya Hansai da yara, da Kawu Lawal. Ka riƙe jakin da kyau kada ya nutse.

Ƙaninka,
Abdulƙadir