Muryar Tanko a Bayan Danga

Rano, daren Talata, watan Safar

Barci ya ƙi zuwa. Tun ranar Juma'a da aka binne Malam Tanko tafinta a Kibiya ban sake buɗe baki da Turanci ba sai yau, ga shi gobe Bature zai gwada ni a bariki, ya ga ko zan gaji Tanko.

Tanko, wanda ke koya mini Turanci, ya yi wa Faransawa aiki a Damagaram, shi ya sa ya fi matsa mini a kan kalmomin da Turanci ya aro daga wajensu. Kullum da almuru yakan tsaya a bayan danga, don ba ya shiga gidan matan aure. Ya faɗi kalma, ni in faɗi jam'inta. In na dace ya ce, "Madalla, ɗan'uwa."

Yau da almuru ina alwala sai na ji irin tarinsa a bayan danga. Aka ce, "Filato." Ɗaya ce daga kalmomin aron nan, wato tudu mai shimfiɗaɗɗen kai.

Matata Hajara ta saki ludayi ta riƙe mini hannu. "Malam, kada ka amsa! Ba a amsa kiran almuru sai an ga mai kira."

Amma baki ya riga ni. Wallahi ban yi niyya ba, sabo ne kawai. Na faɗi jam'in.

Can aka ce, "Madalla, ɗan'uwa."

Na zaga da fitila, ko sawu babu. Hajara ta turara ɗaki. Na tofa addu'o'in da na sani duka, amma kunnena yana waje. Tanko bai taɓa tashi daga darasi a kan kalma ɗaya ba.