Mi da Fa

Yaya Mamman,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Kumasi? Mu nan Damagaram lafiya lau.

A lakwal, wato makarantarmu, mushe malaminmu yana koya mana waƙa saboda bikin 'yancin kai. Muryoyin waƙa bakwai ne, do, re, mi, fa, sol, la, si, ana hawansu kamar tsani, amma daga mi zuwa fa, da si zuwa do, rabin taki ne. Nan kowa ke tuntuɓe, ban da ƙanenka.

Jiya ina ta rera "mi fa, mi fa" a tsakar gida, sai Inna ta leƙo ta ce, "Mi fa? Faɗi abin da kake so mana!"

Ranar Juma'a za a zaɓi mai jan waƙar. Ka sa ni a addu'a, ka gaida yara. In an ɗauke ni, Inna za ta ji amsarta a gaban jama'a.

Ƙanenka,
Lawali