Sunan Ɗan Fari a Ledar Yaji

Hajiya Kulu, don Allah ki taimake ni, na jawo wa kaina abin da ko maƙwabciyata na kasa faɗa wa.

Yaji nake dakawa a Birnin Kudu, ana sara ana kaiwa kasuwannin ƙauye har Farin Dutse ta Gwaram. Bara na ce ni ma sai na waye, na tafi wajen mai buga leda. Ya nuna mini rubutu iri-iri a kwamfuta, na tsallake siraran, na nace wa wasu haruffa masu kauri, kowanne a mulmule kamar curin fura, ja a kan rawaya. Da ya tambayi sunan da za a sa, ni da ko a ɗaka ban taɓa kiran ɗan farina da sunansa ba saboda kunya, sai na karɓi biro na rubuta masa MUHAMMAD AUWAL. Ni a dole mai dabara, tunda dai ban furta ba.

Kasuwa kam ta buɗe. Matan da ba su yi boko ba cewa suke a ba su yaji mai ƙaton rubutu. Har tafiyata sai da ta canza.

Na manta in yaji ya ƙare a ƙasa ake yar da ledar. Rubutun nan kuwa daga nesa ake hango shi, ko a kwata yake. Surukina Baba Sada, tsoho mai ciwon baya, shi ke bin layi yana duƙawa yana tsince su don kar a taka sunan Annabi. Bai ce mini uffan ba. Jiya na ga aljihunsa cike da ledojina, ya amsa gaisuwata yana atishawar barkono, na rasa inda zan sa fuskata. Wallahi na ji kunya, na kuma ji tausayinsa. In na canza leda ina tsoron masu saye su ɓace mini, in na bari tsohon nan zai ƙarasa bayansa. Yaya zan yi?

Taku,
Mai Yaji

Mai Yaji, sannu. Haruffan nan ba su yi laifi ba, aikin da kika sa su suka yi, kowa ya gani. Tsoronki ma yana da dalili, amma ki sake duba abin da kika rubuto. Matan nan ba sunan suke karantawa ba, kaurin rubutun da launinsa suke ganewa. Don haka ki bar haruffan yadda suke, ja a kan rawaya, ki canza sunan kawai. Ki zaɓi gajere wanda ko ya faɗi ƙasa ba wanda zai damu, ki sanar da masu sari kafin sabuwar ta fito. Ledojin da suka rage kar ki ƙara zuba yaji a ciki, ki tambayi malamin unguwarku yadda za a kawar da su cikin mutunci.

Shirun Baba Sada kuwa mutunta ki ya yi. Ki je da kanki ki durƙusa ki ba shi haƙuri, ki nuna masa sabuwar ledar kafin kowa ya gani. Waɗanda suka riga suka bazu, ki karɓi tsintar daga hannunsa, ke da ɗanki mai sunan, tunda ku bayanku lafiya lau.

Allah ya sa wa sana'ar albarka, ya ba Baba lafiya.