Takardar da na sa a hular Baba

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Shekara biyu da rasuwarki, har yau ban sami wanda zan gaya wa magana kamar ke ba.

Inna, Baba ma ciwon suga ya kama shi. Bayan girbi na lura ƙafafunsa sun kumbura. Ina kai masa buta sai na ga takalminsa na Juma'a ya ƙi shiga. Haka naki ciwon ya fara, kafin mu koma zirga-zirgar wankin ƙoda daga Tsafe zuwa Gusau. Na tuna kina cewa, "Da ma an duba da wuri."

Kin san ni 'yar fari ce. Baba ba ya hira da ni, ni ma ba na iya haɗa ido da shi, balle in yi masa zancen gwajin fitsari. Goggo kuma, wadda da ita zan tura ta yi masa maganar, tana can Kwatarkwashi. Mako biyu ina shirya maganar, ina haɗiye ta.

Daga ƙarshe na yagi takarda a littafin makaranta, na rubuta abin da na gani da abin da nake tsoro, na ninke, na sa cikin hularsa.

Kwana uku bai ce komai ba. Na ɗauka na yi rashin kunya. Rana ta huɗu yana ba awaki dusa, ya juya mini baya, ya ce, "A gaya wa mai takarda ta shirya, gobe za mu Gusau."

An gwada jini da fitsari. Likita ta ce ƙodar ta fara gajiya, amma ba ta kai ga wanki ba, kuma mun zo a kan lokaci. Ta canza masa magani, ta hana shi jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin ciwon jiki na kasuwa, ta ce a rage gishiri. A mota na yi ta kuka cikin hijabi, shi kuma ya yi kamar yana kallon gonaki.

Kumburin ya sauka, Inna. Kullum yana mitar miya ba daɗi, amma yana cinyewa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya bar mana Baba. Nan da wata uku za mu koma gwaji. In kin yarda, zan sake rubuto miki, ko me aka ce.

Ɗiyarki,
Safiya